Kwamfutar da Ta Daina Cika

Ku matso kusa. Ummita, rage fitilar nan, tana shigar min ido. Wanda ya san ba zai iya barci ba in ya ji, ya tashi tun yanzu ya bi Gwaggo ɗaki.

Wannan ba tatsuniya ba ce, don haka ba zan ce muku ga ta nan ba. Matar da abin ya faru da ita na san ta. Na ci abinci kwano ɗaya da ita. Sunanta Balaraba.

Lokacin da nake zaune a Gusau wurin Kawu, shekara huɗu na yi ina suyar awara a gindin wani tsohon bene da ke bayan tasha. Ƙasa masu ɗinki ne da masu gyaran waya. Sama shaguna shida ne, amma biyar a rufe, don rufin yana yoyo, masu haya duk sun tashi. Ɗaya ne kawai a buɗe, can ƙarshen baranda. Na Balaraba.

Matakalar benen ta ƙarfe ce. Ko kyanwa ta taka sai ta yi ƙara. Daga inda nake suya ina gane mai hawa da mai sauka ba tare da na ɗaga kai ba.

Sana'ar Balaraba zane a kwamfuta. Katin biki, kalandar suna, takardar da ake liƙa wa robar zoɓo, allon shago. Mijinta Mudi ne ya koya mata. Shi ya buɗe shagon, tare suke zama, kujera biyu a gaban kwamfuta ɗaya. Allah bai ba su haihuwa ba. Wata damina zazzaɓi ya kwantar da shi kwana shida, a na bakwai aka kai shi makwancinsa. Da ta fita takaba 'yan'uwanta suka ce ta koma gida Kaura. Ta ce a'a. Ta buɗe shago ta zauna a kujerarta. Ɗaya kujerar ko matsar da ita ba ta yi ba.

To, kwamfutar nan tsohuwa ce. Tun a hannu Mudi ya saye ta. Fara ce a da, amma ta koma ruwan ƙwai. In aka kunna ta, fankar cikinta sai ta yi ta nishi kamar mai ciwon ƙirji. Balaraba takan kunna ta, ta share shago, ta sauko mu gaisa, ta koma, sannan manhajar zanen ta gama buɗewa.

Babbar matsalar ita ce rumbunta, wato inda take ajiye aiki. Ƙarami ne, kuma ya cika. Akwai wani layi da yake nuna saura nawa. Da shuɗi ne, ya koma ja. Sai Balaraba ta yini tana jera hotuna, tana gyara rubutu, ta danna a adana, kwamfutar ta ce babu wuri. Wani lokaci ko maganar ba za ta yi ba, sai manhajar ta sandare, maus ya ƙi motsi, aikin yini guda ya tafi.

Babu abin da ba ta gwada ba. Ta zubar da kwandon sharar kwamfutar. Ta goge tarkacen da manhajar take tarawa a ɓoye, yadda Mudi ya nuna mata. Ta cire salon rubutun da ba ta amfani da su, ta cire waƙoƙi, ta cire wasan karta. Ta goge yawancin tsofaffin ayyuka. Duk abin da ta samu, kwana biyu ya sake cika. Ta kira Injiniya Ɗalha mai gyara, ya leƙa ya girgiza kai.

Ya ce, "Malama, irin rumbun nan an daina yin sa. Sai dai in sa a duba miki a Kano. Amma ga wata folda nan ta cinye rabin wurin. A cire ta mana?"

Ta ce, "A bar ta."

Sunan foldar "Namu". Hotunan aurensu ne a ciki, da bidiyo, da muryar Mudi da ya ɗauka yana yi mata bayanin aiki. Ta taɓa kwashe wasu ta zuba a filash, filash ɗin ya lalace ya tafi da su har abada. Tun daga ranar ta rantse ba za ta ƙara taɓa abin da ya rage ba.

Haka take zaune. Masu kawo aiki su tsaya a bakin ƙofa, su miƙo hoto, su ce yaushe za a zo karɓa, su juya. Ba mai zama. In na hau kai mata awara sai in tarar tana magana da kwamfutar a hankali, kamar mai lallashin tsohuwa.

Ranar da abin ya fara, Juma'a ce.

Kun san yadda gari yake yi in an tafi masallaci. Shaguna a rufe, titi fayau, rana a tsakiyar ka. Gwaggo takan hana ku yawo a irin wannan lokacin, kuna ganin faɗa ne kawai. Ni ma ranar awarata ta ƙare da wuri na tafi gida. Balaraba kaɗai ce a duk benen.

Kalandar saukar karatu take yi wa wata Islamiyya, yara arba'in da biyu, kowa da hotonsa da sunansa. Washegari da safe za a zo karɓa. Kwana uku tana kai, sau biyu yana ɓacewa tana sakewa. A karo na uku, da ƙyar ta samu ya zauna.

Sai ta ji an ce, "Salamu alaikum."

Ta juya. Wata tsohuwa ce tsaye cikin shagon. 'Yar ƙarama, da baƙin zane irin na saƙi, mayafinta har ƙasa.

Balaraba ta amsa. Sai daga baya ta tuna ba ta ji ƙarar matakala ba. Labulen ƙofa ma ko motsi bai yi ba.

"Sannu da zuwa, Inna. Aiki aka kawo?"

"Ke ce mai yin fuska?"

"Ina haɗa hotuna dai, Inna."

Tsohuwa ta dubi kujerar Mudi. "In zauna?"

Shekara biyu babu wanda ya tambayi haka. Balaraba ta ji bakinta ya ce, "Bismillah."

Ta zauna. Kujerar nan mai kuka ce, amma ba ta yi kuka ba.

"Fuskar maƙwabciyata nake so."

"Kawo hoton."

"Babu hoto. Ba ta taɓa tsayawa an ɗauke ta ba."

A nan Balaraba ta lura da wani abu. Leɓen tsohuwar yana riga muryarta. Bakin ya motsa, ya rufe, sannan maganar ta iso. Kamar lalataccen bidiyo. Ta ce a ranta yunwa ce da kallon allo suka sa idonta yake yi mata gizo.

"To Inna, in babu hoto yaya zan yi?"

"Zan faɗa miki. Ki nemo a cikin mutanen da kika tara."

Akwai sauran hotunan tsofaffin ayyuka da ba ta goge ba. Ta fara buɗe su ɗaya bayan ɗaya. Amare, 'yan makaranta, mahajjata, masu jego. Tsohuwa ta matso, babu ɗumin jiki tare da ita, sai wani ƙamshi kamar na ƙasar da aka yayyafa wa ruwa.

"Tsaya. Goshin wannan."

Balaraba ta yanko goshin.

"Idon waccan. Amma na hagu ya ɗan fi ƙanƙanta."

Ta rage shi.

"Tana da zane uku a nan. Ba masu zurfi ba."

Suna yi tsohuwa tana ba da labari, a hankali, maganar tana biyo bakin a baya.

"Sunanta Tabawa. Kafin a yi benen nan, gida ne a nan. Da tsamiya a tsakar gidan. An kawo ta tana 'yar shekara goma sha biyar. Kullum da asuba sai ta share gindin tsamiyar. In za ta zubar da ruwan zafi sai ta yi bismillah, ta ce, masu wuri a kauce. Ba ta taɓa ƙona mana yaro ba."

Hannun Balaraba ya tsaya a kan maus.

"Shekara sittin muna tare," in ji tsohuwa. "Ba mu taɓa gaisawa ba. Ita ba ta ganina. Ranar da aka fita da ita na bi su har kushewa. Aka sayar da gidan. Aka sare tsamiyar. Yanzu fuskar ta fara ɓace min. Jiya na nemi hancinta na rasa."

Daidai nan manhajar ta sandare. Fanka ta yi wani dogon nishi. Allon ya yi baƙi, kwamfutar ta fara ƙara, tit, tit, tit.

"Me ya same ta?"

"Tsufa ne, Inna. Bari in duba."

Wannan ciwon ta san shi. Akwai wani ɗan siririn allo a cikin kwamfutar, ram ake ce masa. In ƙura ta hau bakinsa sai an zare shi, a goge da magogin fensir, a mayar. Ta kashe wuta. Ta durƙusa ta shiga ƙarƙashin tebur, ta zare murfin gefe.

Tana cikin gogewa idonta ya sauka a ƙafafun tsohuwar.

Mayafin ya ɗan ɗage. Babu takalmi. Babu ƙura ko kaɗan a jikinsu. Dugadugan ne a gaba. Yatsun suna kallon bango ta baya.

Ummita, sakar min hannu, kina ji min ciwo.

Balaraba ta ce ba ta san tsawon lokacin da ta yi a ƙarƙashin teburin ba. Ƙofa tana bayan tsohuwar. Taga kuwa da ƙarfuna. Ko ta yi ihu babu kowa a benen. Daga nesa tana jiyo liman yana huɗuba, muryar tana zuwa tana ɗaukewa. Ta fara karanta Ayatul Kursiyyu a zuci, tana yi tana sarƙewa.

Daga sama aka ce, "Karanta a fili, 'yata. Ni ma na iya. Kin tsallake wuri ɗaya."

Ta karanta a fili. Tsohuwa ta bi ta har ƙarshe, ta shafa.

"To fito. Ban zo don in cuce ki ba."

Ta mayar da ram ɗin, sai a karo na uku ya shiga. Ta fito ta zauna. Ba ta yarda ta dubi gefe ba. Ta kunna. Suka jira, su biyu. Da manhajar ta buɗe, Allah ya sa ta dawo da rabin aikin. Goshi da ido suna nan. Zanen fuska ya tafi.

Ta sake yi. Ta nemo hanci a fuskar wata ungozoma, haɓa a ta wata mai sayar da fura. Ta daidaita launin fatar, ta share inda aka yi haɗi, ta ɗaura mata kallabi. A hankali wata dattijuwa ta fito a allon, mai ɗan murmushi a gefen baki, kamar wadda aka kira sunanta tana tsakiyar aiki.

Tsohuwa ta ɗora yatsa a kan gilashin.

Balaraba ta danna a adana.

Babu wuri.

Ta sake dannawa. Babu wuri. Ta ce bari ta tura firinta kai tsaye, ko ba a adana ba. Nan ma ya ƙi, don ko bugawa za a yi sai kwamfutar ta samu ɗan filin da za ta shimfiɗa aikin. Fanka ta fara nishin nan da take yi kafin ta mutu.

"Me ya hana?"

"Ta cika, Inna."

"Me ya cika ta?"

Balaraba ta ce, "Mijina."

"Yana ina?"

"Ya rasu."

"To fitar da shi."

Shagon ya yi sanyi. Ba irin sanyin iska ba, irin na cikin randa. Hasken rana da yake shigowa ta taga ya dusashe kamar an sa masa mayafi.

"Ba zan iya ba."

"Ba ki san da wa kike magana ba?"

"Na sani."

"Kuma kika ce a'a?"

Hawaye ya zubo mata. Ta ce, "Inna, ke shekara sittin kika yi da taki. Ni shida kawai aka ba ni. Abin da ya rage min ke nan. Ki yi duk abin da za ki yi."

Tsohuwa ta daɗe tana kallonta. Balaraba ta ce idon nan babu fari a cikinsa, amma ba mugunta ta gani ba. Gajiya ta gani.

Sai ta tuna da kalandar Islamiyya. Aikin kwana uku, yara arba'in da biyu. Shi ne abu mafi girma bayan foldar Mudi. Ta san in ta goge, da safe malamin zai zo ya tarar babu komai, kuma labari zai zaga cewa shagon sama ya daina cika alkawari. Ta kai maus kansa. Ta rufe ido ta goge. Ta zubar da kwandon shara.

Jan layin ya ɗan ja baya, kamar faɗin ƙwayar gero.

Ta danna. Firinta ta yi tari, ta ja takarda. Layi bayan layi, kallabi ya fito, goshi ya fito, ido ya fito. Takardar tana faɗowa kwamfutar ta mutu.

Tsohuwa ta ɗauka da hannu biyu.

"Tabawa," ta ce. Wannan karon bakin da muryar tare suka fito. "Ashe haka kike. Sannu, Tabawa. Sannu da aiki."

Ta naɗe takardar ta sa cikin zane. Ta miƙe. Ta ɗora tafin hannu a kan kwamfutar, yadda ake taɓa goshin mai zazzaɓi.

"Ba za ta ƙara cika ba."

Balaraba ta sunkuya ta share ido. Da ta ɗago, kujerar babu kowa. Sai ga hayaniya ta dawo gaba ɗaya, babura, masu talla, an sauko daga masallaci.

Da ta kunna kwamfutar, kafin ta gyara zama manhajar ta buɗe. Layin ya koma shuɗi, kuma ba ya nuna iyaka. Kafin magariba ta sake haɗa kalandar yaran nan tsaf, ko sau ɗaya ba ta tsaya mata ba.

Bayan kwana huɗu Injiniya Ɗalha ya zo da rumbun da aka samo a Kano. Ya buɗe murfin kwamfutar tana cikin aiki. Ya leƙa. Ya daɗe yana leƙe.

"Malama, wa ya taɓa miki ita?"

"Me ka gani?"

"Wayar rumbun a cire take. Ga ta nan tana lilo. Kuma shi kansa sanyi ƙalau, kamar ba ya aiki."

"Amma ga shi tana yi."

"Na gani," in ji shi. Ya tattara kayansa. Har ya bar sukundirebansa a kan tebur, bai kuma dawo ɗauka ba.

Da a nan abin ya tsaya, da sai mu ce ta yi sa'a.

Juma'ar da ta biyo baya, ana tafiya masallaci, aka yi sallama. Wani dogon mutum ne, sai da ya sunkuya don kada kansa ya taɓa silin. Fuskar wani makiyayi yake so, wanda ya saba hutawa a gindin wani dutse yana busa sarewa. Ta yi masa. Ta gaba, wata mace ce mai jan mayafi, tana neman fuskar wani yaro da ya faɗa rijiyarsu ta riƙe shi a saman ruwa har aka zo aka ciro shi, ya girma, ya tsufa, ya mutu bai san da ita ba. Ta gaba, su uku ne suka zo, suna jiran layi a jikin bango.

Ni ban san komai ba a lokacin. Abin da na gani shi ne Balaraba ta daina saukowa. In na kai mata awara sai in tarar da ta jiya ba a taɓa ba. Aka yi sunan 'yar mai ɗinkin ƙasa, ba ta zo ba. Aka yi rasuwa a layinsu, ba ta je ba. Ta rame, ta yi wani irin haske. In kana yi mata magana sai ta ɗan jima kafin ta amsa, kamar maganar daga nesa take iso mata.

Wata Laraba na rufe ƙofar shagon na tsaya a gabanta. Na ce, "Yaya Balaraba, yau sai kin faɗa min abin da yake damun ki."

Ta faɗa min duka. Yadda na faɗa muku yanzu.

Na ce, "Ki rufe shagon nan ranar Juma'a. Ki zo gidanmu ki yini. Mu je wurin malam."

Ta yi ɗan murmushi. Ta ce, "Kande, su ne kawai suke zama. Kowa a bakin ƙofa yake tsayawa. Su kuwa sai su zauna, su ba ni labarin wanda suka rasa, su tambaye ni nawa. Tun daga Asabar nake fara ƙirga kwanaki."

Ni ma ai a bakin ƙofa nake miƙa mata awarar.

Juma'ar nan na ƙi tafiya gida. Na kashe wuta, na zauna a gindin matakala da carbi. Hawa dai ban iya ba, ba zan yi muku ƙarya ba. Abin da ya faru a sama, daga baya ta ba ni labari.

Tsohuwar farko ce ta dawo. Ita kaɗai. Ba ta zauna ba.

"'Yata, yau taki fuskar aka ce a yi."

"Tawa? Ai ga ni nan, Inna."

"Tabawa ma tana nan, sai muka wayi gari babu ita. Ku ba kwa daɗewa. Mutanenmu sun ce ba za su jira sai kin ɓace musu ba."

Balaraba ta ce wallahi daɗi ta fara ji. Wai akwai waɗanda suke tsoron su manta da ita. Ta jawo maus za ta buɗe hotonta.

Tsohuwa ta riƙe mata hannu. Sanyin ya ratsa har kafaɗa.

"Ba takarda suke so ba. Takarda tana yagewa. Ke suke so ki zauna a ciki, inda wuri ba ya ƙarewa. Suna hanya. Na riga su ne."

"Me ya sa kike faɗa min?"

"Kin ce min a'a ranar nan, kuma kika yi min aikina. Tashi ki sauka."

Balaraba ta kai hannu za ta zare wayoyin kwamfutar.

"Ba ta ɗaukuwa yanzu. Ta yi nauyi."

"Mudi yana ciki, Inna."

"Na sani."

"Bari in kwafe ko hoto ɗaya."

"Babu lokaci. Dubi labule."

Ta duba. A ƙasan labulen, inda rana take shigowa, inuwoyi ne suke taruwa a baranda, ɗaya bayan ɗaya. Babu sautin komai.

Ta dubi allon. Foldar tana nan a kusurwa, 'yar ƙarama, ruwan ɗorawa. Ta sa leɓenta a kan gilashin. Ta miƙe.

"Ki bi bayana," in ji tsohuwa. "Ki dubi ƙasa. Ko an kira ki da muryar da kika sani, kada ki amsa."

Aka kuwa kira ta. Tana tsakiyar baranda ta ji an ce, "Balaraba, zo ki ga wani abu," daga cikin shagon, yadda Mudi yake ce mata in ya gano sabuwar dabara. Ta ce ƙafarta ta tsaya da kanta. Ta cije leɓe har jini ya fito. Ta ɗaga ƙafar.

Ni ina ƙasa sai na ga mutum yana saukowa. Balaraba ce, babu takalmi, babu mayafi, idonta a ƙasa. Ina kallonta tana taka ƙarfen nan, taki bayan taki, kuma ba na jin komai. Ko ƙwas. Sai da ta zo matakala uku na ƙarshe sannan ƙarfen ya amsa, a hankali, sannan da ƙarfi. Ta faɗo jikina. Jikinta kamar an ciro ta daga rijiya.

Na yafa mata mayafina na kai ta gidan Kawu. Kwana tara ba ta yi magana ba. A na goma ta ce tana son koko. Gwaggo Asabe matar Kawu ta dama mata, muka zauna mu uku a tabarma ɗaya har ta shanye. Bayan sati biyu yayanta ya zo ya tafi da ita Kaura.

Tana nan da ranta. Tana koya wa 'yan mata kwamfuta a wata makaranta. Tana zuwa suna, tana zuwa biki, an ce har dariya tana yi. Amma ba ta ƙara haɗa fuskar kowa ba, kuma ba ta da hoton Mudi ko ɗaya. Wanda yake bangon ɗakinta ma, da aka je kwaso kaya, farar takarda aka tarar a cikin gilashin.

Mai benen ya so ya ba wani hayar shagon. Ya kira masu sayen tsofaffin ƙarafa su fitar da kwamfutar. Ƙarti huɗu suka kama, ko gezau ba ta yi ba. Ɗayansu ya ce da ya sa kunne a jikinta ya ji kamar ana hira can ƙasa-ƙasa, mutane da yawa. Suka sauko ba su ko yi sallama ba. Aka sa kwaɗo aka rufe.

Don haka ku ji ni da kyau. Duk wanda Allah ya kai shi Gusau a cikinku, in ya bi ta bayan tasha ranar Juma'a ya ga titi ya yi fayau, kada ya tsaya a gindin benen nan, balle ya hau shi kaɗai. In wata tsohuwa ta yi muku sallama ta tambaya ko kun iya zane, ku amsa sallamar da ladabi, ku ce ba ku iya ba, ku wuce.

To, ku tashi haka nan. Kowa ya yi addu'a kafin ya kwanta. Ummita, ɗauki fitilar ki raka ƙanwarki bayan gida, ki tsaya mata a bakin ƙofa har ta fito, ku dawo tare.